Washar da Surukina Bai Manta Ba

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran surukina, a ɗakinsa, a ƙauyensu na bakin dam ɗin Daberam, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Kowa ya faɗa, ni ma na faɗa. Kafin azahar an gama masa sutura. Ban san ƙauyen nan yana da jama'a haka ba sai ranar. Masunta sun bar ragarsu a ruwa, masu lambu sun kashe injinan ban-ruwa, daga Dutsi da cikin garin Daura ma an zo, wasu uku-uku a kan babur.

Da aka ajiye makara, kafin a tayar da salla, liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa, domin yau ba shi da bakin roƙo. A irin wannan wuri gunaguni ake yi, mun yafe, mun yafe, a wuce. Sai taubashin marigayin ya ɗaga hannu. Dattijo ne dogo, shi ke da jirgin inji da ke tsallakar da mutane ranar kasuwa, kuma babu wanda bai san shekara huɗu ke nan ba sa magana da mamacin ba.

Ya ce, "Jama'a, ku zama shaida. Abin da ya shiga tsakanina da shi a kan injina, kowa ya sani. Na yafe mashi, duniya da lahira."

Wuri ya ɗauki kabbara. Wani da ke kusa da ni ya raɗa mini, "Ka ga dattako." Ni kuwa ina sahun gaba, inda ake ajiye mijin babbar 'ya. Laifin da aka tashi gaban jama'a aka yafe wa mamacin nan ba nasa ba ne, nawa ne.

Kwana uku na zauna a tabarmar makoki ina karɓar gaisuwa, ina sauraron abin da ake faɗa a kansa. Wani ya ce bai taɓa wuce mutum a hanya bai tsaya ba. Wani ya ce shi ya wanke masa gawar mahaifi, shi ya wanke masa ta ƙane. Amma duk wanda ya zo kan sana'arsa sai ya sassauta murya ya ce, "Allah sarki, ai a zamaninsa babu irinsa, kafin tsufa ya taɓa hannun." Sau nawa na ji wannan magana ban sani ba. Kowane lokaci sai in ce amin, in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka zafin rashi ne. Na rubuta wannan ne don a cire wannan jela daga sunansa, domin tsufa bai taɓa hannunsa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ni bakaniken babur ne, haifaffen Mashi, shagona yana cikin Daura. Wanda ya san ni ya san bakina ba ya hutawa. Ina da cika baki, ina da saurin fushi, kuma na daɗe ina ganin duk abin da ke shan fetur ƙanen babur ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na auri babbar 'yarsa. A tsawon wannan lokaci ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci yana kallo ba, ban taɓa tsayawa a tsaye na gaishe shi ba. Baba nake ce masa. Shi ma bai taɓa kama sunana ba. Malam yake ce mini, in kuma yana cikin raha ya ce Mai Babur.

Da ƙuruciya ya tafi bakin tafkin Chadi, ya yi shekaru a can wurin masu gyaran injin jirgi, ya dawo da akwatin ƙarfe na kayan aiki da kuma hanci. Hancin nan shi aka fi saninsa da shi. Komai sai ya shinshina kafin ya yi magana: fetur, goro, sabon buhun taki, har tuwon da surukata ta ajiye masa. Ita kuwa abin yana ƙona mata rai. Takan ce, "Shekara arba'in ina yi maka tuwo, yau ne zan zuba maka man giyar inji?" Shi kuma ya ce, "Ban ce ba. Gaisawa muke."

Akwai wani farin faranti na tangaran a cikin kayan ɗakinta wanda suka yi shekaru suna rigima a kansa. Ita ta ce na baƙi ne. Shi ya ce babu abin da ke nuna gaskiyar mai kamar farin faranti. Ta ɓoye a ƙarƙashin gado, ya nemo. Ta kai gidan ƙanwarta, ya aika aka karɓo da sunan an yi baƙi. Daga ƙarshe ta haƙura ta bar masa, amma har ya rasu in ta wuce ta gindin dalbejiyar da yake aiki ta hango shi, sai ta ce, "Sannu, farantina."

A gindin bishiyar nan na fara ganin aikinsa, ina sabon ango. Wani masunci ya shigo a firgice ɗauke da inji a kafaɗa, ya ce ƙafa tana yoyo. Ƙafa ita ce sashen injin da ke nutsewa cikin ruwa, inda farfela take, kuma a cikinta giya, wato haƙoran ƙarfen da ke juya farfelar, ke juyawa cikin nata man. In man nan ya zube, ko ruwa ya shige shi, giya ta ci kanta. Ga baƙin mai kuwa yana ɗiga daga tsakiyar farfela, kowa yana gani. Ni ina gefe a tsugune, zuciyata har ta gama yanke hukunci: a kwance, a canza sil, wato robar da ke tare mai. Baba ya dangwala da yatsa ya kai hanci. Ya sake dangwalawa.

Ya ce, "Ɗauki abinka ka tafi. Lafiyarshi ƙalau."

Mutumin ya ce, "Baba, ga mai yana zuba!"

"Wannan ba man giya ba ne. Baƙin man da kake zuba wa fetur ne ya yi yawa, bai ƙone ba, ya biyo hayaƙi ya fito. Rage hannu."

Bayan mutumin ya tafi, sai ya dangwala tsumma biyu, ɗaya a abin da ya ɗiga, ɗaya a man giya na gaske, ya ajiye a kan dutse tsakanina da shi. Bai miƙo mini ba, bai ce ga darasi ba, ya dai tashi ya shiga gida kamar zai sha ruwa. Na ɗauka na shinshina. Ɗaya warin hayaƙi, ɗaya warin ruɓaɓɓen ƙwai. Haka yake koya mini abu duk tsawon zamanmu, ya ajiye ya ba da baya, don kada a ce ya nuna wa mijin 'yarsa bai sani ba.

Aikinsa yana da tsari, ba ya tsallake ko ɗaya. In hanci ya ce man giya ne, sai ya tsiyaye shi a farantin nan ya karkata shi a rana. In ya fito fari-fari sai ya ce, "Ya yi nono," ma'ana ruwa ya samu ƙofa. In ya ga ƙyalƙyali kamar garin ƙarfe sai ya yi shiru, mai inji kuma ya sha jinin jikinsa. Daga nan ya cire farfela. Sau da yawa a bayanta ake samun ɓarawon: zaren fatsa da masunta ke yarwa a ruwa, ya nannaɗe a sandar farfela, ya yi ta cin robar har ya yanke ta. Baba ba ya yar da zaren nan. Rataye su yake yi a reshen dalbejiya, dunƙule-dunƙule, in masunta sun zo hira ya nuna musu da baki ya ce, "Ga 'ya'yanku can, ku gaisa." In kuma ido bai ga komai ba, yana da famfon keke da ya yi wa baki na musamman. Ya hura iska cikin ƙafar ta ramin notin sama, ya tsoma ta cikin rabin duro na ruwa, a zauna a jira. Inda kumfa ya fito, nan ne ƙofar. Yakan ce shi ba ya tambayar mai inji, don mai inji abin da yake tsoro yake faɗa.

Taubashinsa kuwa kullum yana gindin bishiyar, ko injinsa lafiya ko ba lafiya. Mahaifiyar Baba da mahaifin wancan ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun suna yara suke cin naman juna da wasa. Wancan ya iso ya ce, "Ina bawan nan nawa mai hancin kare?" Baba ya ce, "Ga shi nan yana jiran wanda ya shekara hamsin a kan ruwa bai iya iyo ba." Goro ɗaya suke rabawa. In matata tana ba ni labarin ƙuruciyarta, ba ta iya ambaton ɗaya ba tare da ɗayan ba. Kawu muke ce masa, ni da ita.

Yanzu ga abin da na yi.

Da damina ce, shekara huɗu da suka wuce. Na kawo matata ganin gida, na tarar Baba ya gama sa wa injin Kawu sabon sil, ya gwada da famfo, babu kumfa ko ɗaya. Saura zuba mai kawai. Ya jera komai a kan buhu: robar man giya, noti biyu, na sama da na ƙasa, kowanne da 'yar jar washarsa sabuwa, wato zoben da ke hana mai yoyo ta gefen noti, wadda ba ta fi ƙwayar wake faɗi ba. Sai aka aiko cewa maƙwabcinsu ya rasu, ana neman Baba ya zo wanka. Ya wanke hannu, ya ce, "Malam, bari in dawo," ya tafi.

Babu wanda ya sa ni. Wannan nake so a fara sani. Na zauna ina kallon aikin, zuciya tana ce mini ga dattijo zai dawo a gajiye, ga ni bakanike na zaune hannu rabbana. Kuma, in faɗi gaskiya, ina so ya dawo ya ga Mai Babur ma ba baya ba ne. Na sha ganin yadda yake yi: ta ramin ƙasa ake tura mai har ya leƙo ta ramin sama, a rufe sama, sannan a zare bakin robar man da sauri a rufe ƙasa. Na yi duk wannan daidai, har ina yaba wa kaina. Da na zo rufe ƙasa, hannuna duk santsi, washar ta suɓuce ta faɗa cikin yashi. Na toshe ramin da babban yatsa, ina lalube da ɗaya hannun. Ban same ta ba. Akwatin Baba yana nan kusa, na san akwai wasu a ciki, amma a kulle yake, kuma ko a buɗe yake ba zan sa hannu a akwatin suruki ba. Sai na tuna farin tef na masu famfo da ke aljihuna, wanda nake naɗa wa notin baƙin mai in washa ta mutu a babur. Na naɗa, na ɗaure tam, na goge. Na ce a raina babur ma yana zuwa Mashi ya dawo da wannan dabara. Ban tsaya na tuna cewa babur ba a cikin ruwa yake kwana ba.

Da Baba ya dawo ya ga inji a jingine, an share wuri, sai ya tsaya.

"Wa ya taɓa?"

Surukata ta amsa daga zaure, da murnarta, "Surukinka ne ya hutar da kai."

Na ga hannunsa ya tafi wajen sukurudireba, ya kai rabi, ya dawo. Na san abin da yake so ya yi, domin bai taɓa sallamar aikin da ba shi ya ɗaure notin ƙarshe ba. Amma ya kwance abin da mijin 'yarsa ya ɗaure, a gaban idonsa, ga surukata tana kallo? Daidai yake da ya ce bai yarda da ni ba. Ni kuma a lokacin nan kalma biyar ta ishe ni: Baba, washa ta faɗi ƙasa. Ina tsugune, kaina a sunkuye, na ji su a kan harshena. Sai ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Na ce amin. Kunya ta hana shi dubawa, ni kuma na fake da kunya na ƙi faɗa, alhali girman kai ne.

Mako uku ƙafar tana zubar da mai kaɗan-kaɗan tana shan ruwa. Kawu ya ce ya sha ganin mai yana shimfiɗa kala-kala a bayan jirgi, amma ya ɗauka na hayaƙi ne, tunda taubashinsa ne ya yi aikin. Ranar wata kasuwa, jirgi cike da mata da kaya, har da masu goyo, ga hadari ya haɗo, injin ya yi wata ƙara a tsakiyar ruwa, farfela ta tsaya. Iska ta juya jirgin, ruwa ya fara shiga. Da filafili ɗaya da ƙwarya suka yi ta fama har masunta suka hango su. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma kaya sun tafi, kuma wata mata ta yi watanni ba ta yarda ta kusanci bakin ruwa.

Washegari da safe labari ya iso mana a Daura, na ɗauko matata muka taho. Mun tarar gindin dalbejiya cike da mutane, an kwantar da injin a kan buhu, Kawu yana tsaye a kansa idonsa jajir. Babu bawana, babu mai hancin kare. Ya ce, "Sil ɗin da ka sa mani ne. Ko dai tsoho ka mayar, ko ka sa shi a karkace."

Baba ya ce, "Kada a kwance komai tukuna. Bari shi ya faɗa."

Ya cire notin sama, ya sa famfo, ya hura, aka kama masa aka tsoma ƙafar a duro. Kowa ya zuba wa bayan farfela ido. Ni kaɗai nake kallon wani wuri. Farfela shiru. Can sai ga kumfa, ƙanana, a jere, suna tasowa daga notin ƙasa. Wani ya ce, "Ga shi can!" Baba ya sa aka ɗago, ya juya wa jama'a baya kamar yana neman haske, ya kwance notin. Abin da ya tsiyayo a faranti ruwa ne da nono da garin ƙarfe. Ina daga gefensa, na ga lokacin da ya warware farin tef ɗin da farce, ya dunƙule shi a tafi, ya sa hannu a aljihu. Bai kalle ni ba, ko da wutsiyar ido.

Ya juyo ya ce, "Sil lafiya lau. Notin ƙasa ne babu washa. Mantuwa na yi."

Bai yi wa injin ƙarya ba. Abin da ya same shi ya faɗa daidai, hannun da ya yi ne kawai ya canza.

Kawu ya ce, "Mantuwa? Da mata da jarirai a tsakiyar ruwa kake ce mani mantuwa? In ido ya tafi ai sai a ajiye sifana, ba a yi ta wasa da rayukan mutane ba. Wallahi da wani ne ba kai ba, da hukuma ce za ta raba mu."

Baba ya ce, "Ka yi gaskiya. Ka yi haƙuri."

Matata tana bakin zaure tana kuka. Surukata ta buɗe baki, na ga ta kalle ni ta kalle shi, shi kuma ya girgiza mata kai sau ɗaya, ta ja mayafi ta shige. Ni da ake cewa bakina ba ya hutawa, ni da na taɓa tara jama'a a bakin Kusugu a kan wani ya goge mini madubin babur, na tsaya a wurin kamar an dasa ni. Na ce a raina ba yanzu ba, mutane sun yi yawa, sai an watse. Aka watse. Na ce sai zuciyar Kawu ta huce. Haka na yi ta ɗaga ranar har ta zama shekara huɗu.

A bakin ruwa magana ba ta da wuyar yawo. Bakaniken da ya manta washa, gobe me zai manta? Masu jirgi suka fara ɗaukar injinansu zuwa wani gari. Masu lambu suka bi. Abin da ya fi ci mini rai, wasu cikinsu shagona suka riƙa kawo injin ban-ruwa, suna cewa, "Ai gara kai, jininka da sauran zafi, tsohon naku ya gaji." Na karɓa na gyara. Da tsarin da ya koya mini na gyara, har da shinshinawa. Kawu ya daina bi ta gindin dalbejiya, yakan zaga ta bayan masallaci. Baba ya koma zama shi kaɗai da rediyonsa, in ya fasa goro sai ya mayar da rabin aljihu.

Sau ɗaya na yi yunƙuri. Bayan sallar layya ce, muka je gaisuwa, na same shi shi kaɗai. Na tsuguna, na ce, "Baba, game da injin nan na Kawu..."

Ya ce, "Malam, yaya gero a Mashi bana?"

Na ce, "Baba, ni ne..."

"An ce ruwa ya yi maku gardama a farko. Allah ya sa ƙarshen ya yi kyau. Rana ta yi, ku kama hanya saboda yara."

Na tashi. Kuma kada in yi wa kaina ado: daɗi na ji. Na ce ai na gwada, shi ya hana. Na riƙe wannan a matsayin hujja, alhali na san ba shi ne mai buƙatar jin maganar ba. Shi ya riga ya sani. Wanda bai sani ba yana bayan masallaci yana zagaye.

Da ya tabbata aiki ya ƙare masa, ya rarraba kayansa. Famfon keke ya ba wani masunci, sifanu ya ba ɗan ƙaninsa. Ni kuma ya aiko matata da wani gwangwanin madara, ya ce ta ba maigidanta, wataƙila su yi masa amfani. Na buɗe, cike yake da jajayen washa. Matata ta ce, "Ka ga yadda Baba yake ji da kai." Har yau ban san ko faɗa ne ya yi mini ba, ko kuwa so yake kada abin ya sake samuna. Na fi zaton na biyun, kuma shi ya fi ciwo.

Ita matata ranar sadakar uku na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Shekara huɗu ina jin kunyar fita kasuwar garinmu, ina cewa Baba ya tsufa." Ta tashi ta koma wurin mahaifiyarta, kuma har yanzu tsakanina da ita sai gaisuwa da maganar yara. Surukata da na durƙusa mata cewa ta yi, "Ya ce in na faɗa bai yafe mani ba. Ya ce shi ya gama cin sunanshi, kai kuwa yanzu ka fara, kuma ɗiyarshi a ƙarƙashin sunanka take."

Bayan kwana bakwai na tafi bakin ruwa da sassafe. Kawu yana cikin jirgi yana kwarfe ruwan da ya taru. Na cire takalmi, na tsuguna a kan yashi, na faɗa masa komai tun daga wankan gawa har zuwa tef ɗin da aka sa a aljihu. Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye ƙwaryar da yake kwarfe ruwan da ita.

Ya ce, "Kana wurin ranar da na ce ya ajiye sifana?"

Na ce, "Ina wurin, Kawu."

"Kana wurin ranar jana'iza?"

"Ina wurin."

Ya ce, "Inji ƙarfe ne, na sayi wani. Sunanshi da ka bari ya zube, wannan tsakaninka da shi ne da Allah. Amma ni fa? Da ko bara ka zo mani da wannan magana, da ko ranar da ya kwanta ciwo ne, da na je na kama ƙafarshi. Sau biyu ina zuwa har ƙofar gidan yana jinya, in ce a'a, shi ya yi laifi, shi zai aiko. Ka bari na tashi a kan gawar ɗan'uwana ina yi mashi alfarma. Ni ke yafe mashi! Yanzu wa zan je in roƙa?"

Dattijo mai furfura ya sa fuska cikin hula yana kuka a cikin jirginsa, ni ina tsugune a yashi. Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba yau ba. Ranar Juma'a ka tashi a masallaci ka faɗa wa waɗanda suka ji nawa. Bayan nan ka dawo ka tambaye ni."

Na tashi ranar Juma'a na faɗa. Wasu sun yi salati, wasu sun tofar da yawu, wani ya ce ai ya wuce. Waɗanda suka zo jana'iza daga nesa ba su ji ba, shi ya sa na rubuta. Duk wanda wannan ya isa gare shi, in an ambaci marigayi a gabansa, ya ce bakanike ne da bai taɓa manta washa ba. Ya Allah ka yalwata masa kabarinsa, ka rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba a nan, ka ba iyalinsa haƙuri da rashinsa da kuma ni.

Sau biyu ina komawa wurin Kawu. Yana amsa sallama, ya tambayi yara, ya ja igiyar injinsa ya tafi. Ban ga laifinsa ba, zan kuma ci gaba da zuwa. Mutum ɗaya ne na sani da ya yafe mini tun ban roƙa ba, kuma da hannuna na taya zuba masa ƙasa.